Saitin Jitar Yaya

Yayana makaɗin jita ne, ni kuma gyaran rediyo nake yi a Tudun Wada. Sauran ranaku yana tsaron injin niƙa, ranar biki kuma ya bi wani mawaƙi. Yana da wasu ƙananan akwatuna biyu da ake soka wayar jita a ciki kafin sauti ya wuce babbar amfilifaya. Tsofaffi ne masu bawul, wato kwalaben gilashin nan irin na rediyon da, waɗanda sai sun ɗau zafi sun yi ja kafin su yi magana. Ɗaya baƙi ne, ɗaya mai ruwan toka. Baƙin muryarsa da kauri, mai ruwan tokar ya fi zaƙi. Ko 'ya'yansa ba sa taɓa su.

Bayan wani biki a Yako, mawaƙin ya tare ni a kasuwa. Ya ce jitar Yaya ta koma tsinin allura, mata har toshe kunne suke da gyale, in aka sake haka a bikin Burumburum mai piyano zai ɗauko. Wai ni in faɗa wa Yaya, shi yana jin nauyinsa. Ji fa! Kowa yana jin nauyi, ni ne mara kunya.

Ban kai ga zuwa ba sai ga Yaya a kan babur, jitar rataye a kafaɗa, akwatunan ɗaure a baya.

"Duba min su," in ji shi. "Duka biyun sun dushe, kamar an lulluɓa musu bargo."

Na tayar da janareta, muka jira bawul suka yi zafi. Ya kaɗa da baƙin. Wallahi garau, har tsigar jikina ta tashi. Shi kuwa ya girgiza kai, ya kama maɓallin siririyar murya ya murɗe shi har ƙarshe. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo yana tambayar ko lafiya.

Muka koma kan mai ruwan tokar, shi ma haka. Na cire bawul ɗin wannan na sa wa wancan. Na goge ƙafafunsu. Na sauya kondensa, na sake ɗinke wayoyi da dalma har hayaƙi ya sa ni hawaye. Duk abin da na yi sai na ce, "Yanzu fa, Yaya?" ya ce, "Kamar ɗazu." Raina ya ɓaci, na fara buga kaya a kan teburi. Me kuma ya rage in taɓa?

Ana cikin haka wayarsa ta ɗau ƙara a aljihun gaban rigarsa, siririyar ƙarar nan mai shiga kai. Ta yi ta yi har ta katse. Yana zaune yana kallon hannuna, ko gezau. Sai na gane bai ji ta ba.

Na kashe janareta, na matso kusa da shi. "Yaya, ba akwatunan ba ne."

Ya daɗe yana shafa wuyan jitar. "An duba ni a Kano," ya ce. "Injin niƙan ne ya ci kunnen. Sun ce abin da ya tafi ya tafi."

"Haba Yaya! Ka sani, ka bar ni ina ta wahala tun safe?"

"Na ce ko kai za ka iya."

Ban taɓa jin sana'ata ta zama banza ba sai ranar. In na saita yadda zai ji kansa, jama'a su gudu. In na saita wa jama'a, shi ya kaɗa a duhu. Babu tsakiya, na nema.

Shi ya yanke shawara. Ya turo min baƙin ya ce in saita da kunnena, in cire maɓallin gaba ɗaya, don ya san hannunsa ba zai haƙura ba. Na saita, na cire, na liƙe gurbin da salatif.

Na bi su Burumburum. Bayan la'asar aka fara. Jitar ta fito da taushi, tsofaffi suna gyaɗa kai, mawaƙin yana ta waigowa yana murmushi. Yaya kuwa idonsa a kan yatsunsa, kamar mai koyo. Fuskarsa ba ta motsa ba har aka tashi.

Muna naɗe wayoyi ya jawo hannun rigata.

"Ya yi daɗi?"

"Ƙwarai, Yaya. Ka kaɗa kamar da."

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Wace waƙa ce ta fi? Ba ni labari."