Ɗorin Ɗan Akuya

Jiya jikata ta dawo daga Rogo da takardar shiga makarantar jinya, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai.

A Kwanyawa, bayan la'asar, yakan zauna kan buzu, yatsunsa baƙi da tawada, yana ba yayyena maza labarin sana'o'in sahabbai. Ni kuwa ina bayan zana ina ɓarar gyaɗa. Ran nan ya ambaci wata sahabiya mai jinyar waɗanda suka ji rauni, labarin ya zauna mini.

Da ɗan akuyarmu ya karye, na yi masa ɗori da kara da tsumma. Kwana tara ina ba shi dusa a tafin hannuna, har ya fara taka ƙafar. Na kai shi gaban Baba ina murna, na ce na yi irin aikin sahabiyar nan da ya ba da labari.

Ya dube shi, ya ce, "Wa ya ce da ke nake? Ɗauko wuƙa."

Ni na riƙe ƙafafun, ɗorin yana cikin hannuna. Da aka dafa, ya miƙo mini tsoka, ya ce, "Ci, likita." Na ci.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sassauta masa. Bakina ne ke roƙo. Zuciyar kuwa, Allah Ya kawo ta kafin in je in same shi.