'Ya'yan Tsamiyar Malam a Garin Kan Dutse

Ni ban yi karatu ba, ko na boko ko na allo mai nisa. 'Yata Auta ce ke rubuta wannan, ni kuma ina faɗa. Na ce mata duk inda na yi kuka ta bar ni in gama, kada ta ce mini in yi haƙuri, don na ji wannan kalma har ta gundure ni.

Malam, mijina, mai haƙar rijiya ne. Ƙauye ƙauye yake bi. Yana da wata ɗabi'a: duk rijiyar da ya gama, sai ya binne ƙwallon wani abu a gefenta, inda ruwan guga ke zubewa. Mangwaro, dabino, darbejiya, duk abin da ya samu a aljihu. Yakan ce matan da ke jan ruwa za su shayar da shi ba tare da sun sani ba, ladan kuma a raba. A bakin gonarmu tsamiya ya dasa. Mutane suka ce masa gidan iskoki yake ginawa, ya ce su ma suna bukatar inuwa.

Da ya rasu aka raba gado, gonar aka sayar. Wanda ya saya ya sare tsamiyar ya yi gawayi. Ban gani da idona ba, faɗa mini aka yi, amma na kwana biyu ban ci abinci ba.

Bayan na fita takaba Auta ta ɗauko ni zuwa Kuala Lumpur, inda take karatu ita da mijinta. A cikin kayan miyar da na taho da su akwai curin tsamiya, ragowar wadda Malam ya kaɗo da hannunsa a kakarsa ta ƙarshe. Na yi ta dama mana kunu da ita har ta ƙare. 'Ya'yan na wanke, na shanya a bakin taga, na ƙulle a bakin zanina. Su kaɗai suka rage daga itacen nan. Na ƙudurta sai na binne su a ƙasa, su zama sadaka gare shi.

To, ina ƙasar? Gidanmu a unguwar Pantai Dalam yana can sama, sai an shiga lif. Ɗan filin da ke ƙasa masu injin yankan ciyawa ba sa barin komai ya ɗaga kai. Auta ta ce in sa a bokiti a baranda. Na ce tsamiya ba albasa ba ce.

Da suka sami hutu, mijin Auta ya ce zai kai ni wani gari a kan dutse in sha iska, ko zan rage kuka. Sunan garin na wani Bature ne, bakina bai riƙe shi ba. Hanyar kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, daji a dama, rami a hagu, birai zaune a bakin titi suna kallonmu kamar mun zo neman aure. Sau biyu aka tsaya na yi amai.

Amma da muka isa sai na manta da cikina. Gari ne ɗan ƙarami, ka zagaye shi da ƙafa kafin ruwan shayi ya huce sosai. A tsakiyarsa akwai wani ɗan gini mai agogo, ganye ya lulluɓe shi. Akwai masallaci, akwai ofishin 'yan sanda, akwai gidan waya, kowanne kamar an ƙera shi don yara su yi wasa. Gidajen na dutse ne, tsofaffi, kowanne da bututun hayaƙi a rufinsa. Mijin Auta ya ce Turawan mulki ne suka gina, idan zafin birni ya dame su sai su hau nan su tuna gida. Dajin da ya kewaye garin duka gandu ne na gwamnati.

Na tambaye shi ina gonakinsu. Ya ce babu. Ina kasuwa? Ya nuna mini 'yan shaguna. Ina dabbobinsu? Babu ko akuya.

"To, me mutanen garin ke yi?"

"Baƙi suke karɓa, Inna."

"In baƙin ba su zo ba fa?"

"Sai su jira su."

A masaukinmu na tarar da murhu a cikin falo, an yi masa ado da duwatsu, ba tukunya, ba wurin ɗora ta. Wutar don a zauna a kalle ta ne kawai a ji ɗumi. Na leƙa kaina cikin bututun don in ga inda hayaƙin ke bi, Auta ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce in fito kafin in koma kamar gindin tukunya. Da la'asar kuma gajimare ya sauko ya shigo gari, ya bi titi, ya shigo ta taga. Na miƙa hannu na taɓa shi. Jiƙa ne kawai da sanyi. Malam ya yi rayuwarsa yana kallon hadari daga nesa yana lissafin ruwa, ga shi ni ina zaune a cikinsa. Nan na yi kuka, na kuma yi mai isata.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wasu mutane da muka gani a gefen hanya, maza da mata, har da tsofaffi irina, sun yi tsit, sun ɗaga kai sama, kowa da abin hangen nesa a ido. Na ɗauka jinjirin wata suke nema, na ce wa Auta ai ba a ƙarshen wata muke ba. Ta ce tsuntsu suke kallo.

"Su kama?"

"Su gani kawai."

"In sun gani fa?"

"Sai su ji daɗi, su koma gida."

Na tsaya tare da su. Wata ta miƙo mini abin nata. Da ƙyar na samo shi, wani ɗan tsuntsu mai jan wuya da kunne kamar an shafa masa azurfa. Ya juya kai, ya yi kashi, ya tashi. Kowa ya yi murmushi kamar an yi masa albishir. Ban ce na gane ba, amma ban yi nadamar tsayawa ba.

Duk wannan yawo idona yana kan ƙasa. Baƙa ce wuluk, mai laushi, ruwa bai taɓa barinta ba. Ba injin yankan ciyawa a cikin dajin, ba mai gatari. Mijin Auta da bakinsa ya ce mini a nan ko ganye ba a yarda a tsinka ba. Na ce a raina, ga wurin da ba mai yin gawayi da itacen Malam.

Washegari da hantsi, su Auta suna haɗa kaya, na ɗauki cokalin shayi na zaga bayan masaukin, inda lambu ya ƙare daji ya fara. Na cire takalmi, na durƙusa, na yi bisimilla, na fara tono.

Sai na ji ana magana da sauri a bayana. Wata mata ce, Ba'indiya, ba ta kai ni shekaru ba amma ta manyanta, da tsintsiya a hannu da rigar sanyi a kan sarinta, wato zaninsu na Indiyawa. Ita ke share lambun. Ƙafata take nunawa. Na duba, ashe matsattsaku ne biyu sun kama ni a idon sawu, har sun cika. Ta tsuguna ta kankare su da farcenta, ko ƙyama ba ta yi ba. Daga nan ta ga ramin, ta ga ƙullin da na kwance a kan cinyata. Ta girgiza kai ta ce, "Tak boleh." Wannan na sani, don masu gadin gidanmu kullum ita ce a bakinsu. Ba a yi, ke nan.

Na fashe da kuka. Ba na ɓoyewa, da ƙarfi na yi, har su Auta suka fito da gudu. Mijin Auta ya ga cokali ya ga rami, ya sunkuyar da kai. Auta ta ce, "Inna, yanzu fa a gandun gwamnati kike noma?"

Shi ya zama tafintanmu, don yana jin Malayanci. Matar ta ce doka ta hana a cire abu daga dajin, ta kuma hana a shigo masa da abin da ba nasa ba.

Na ce ya tambaye ta, furannin nan na bakin ƙofa, da dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura, a nan aka halicce su? Shi da kansa ya ce mini Turawa suka kawo. Gidajen ma baƙi ne, murhun ma baƙo ne. Don me nawa baƙon kaɗai za a kora?

Bai so ya faɗa ba, sai da Auta ta zungure shi. Matar ta yi dariya har ta jingina da tsintsiyarta. Ta ce gaskiyata, ita ma kakanta kawo shi aka yi ya yi aikin hanya, ga su nan har yau. Amma lokacin ba wanda ya isa ya tambayi Bature, yanzu kuwa ana tambaya.

Sai ta ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yan tsamiyar, ta juya shi a tafin hannu. Ta ce, "Asam." Ashe sun san tsamiya, da ita suke miyar kifi. Ta ce ko da an bar ni, nan ba wurinta ba ne. Sanyi ya yi yawa, rana ba ta isa ƙasa, manyan itatuwa za su danne ta tun tana ƙarama. Ta tambaye ni me ya sa na damu da su haka. Mijin Auta ya ba ta labarin rijiyoyin, da gonar, da gawayin. Ta sake juya ɗan tsamiyar a hannunta. Can ta ce nata mijin yana nan da ransa, yana barci ma yanzu haka, bai taɓa dasa ko barkono ba.

Ta ce ƙanwarta tana garin da ke gindin dutsen, inda ake zafi, tana da fili a bayan gida. Ranar hutunta takan sauka. In na yarda, za ta binne su can.

Na dubi ƙullin da ke kan cinyata. Ban san matar nan ba, ban san ƙanwarta ba, addininmu ba ɗaya ba, kuma ba zan ga wurin ba. Na tambayi mijin Auta ko ladan zai isa ga Malam in hannun da ya binne ba na Musulmi ba ne. Ya ce shi kimiyyar abinci yake karantawa, amma a saninsa niyya tawa ce, kuma duk tsuntsun da ya ci ko mutumin da ya sha inuwa an rubuta.

Auta ta ce in raba biyu in riƙe rabi. Na ce in riƙe in kai ina? Gonar da aka sayar? Na juye su duka a hannun matar. Na ce ya gaya mata kada ta zurfafa ramin, gaɓar yatsa biyu ya isa, kuma in da hali ta sa su kusa da inda ake wanke-wanke. Ta ƙulle su a bakin sarinta, irin ƙullin da nake yi. Sannan ta karɓi cokalin ta mayar da ƙasar ramin da na tona, ta daddanna da ƙafa.

Da muka sauko, kunnuwana suka buɗe, zafi ya dawo, muka shiga garin gindin dutsen. Na ce wa mijin Auta ya rage gudu, na sauke gilashi. Ƙasar wurin ja-ja ce, rana kuma tana duka sosai. Gidajen ƙanana ne, kusan kowanne da fili a baya, da ayaba, da igiyar shanya. Na yi ta leƙa su ɗaya bayan ɗaya, Auta tana miƙo mini tsumman share hawaye, har motocin da ke bayanmu suka fara yi mana oda.