Yadda Muka Auna Mai Zobba a Shiling

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokin cinikina, wani Alhaji da ya girme ni a shekaru da kasuwa, ya kuma fi ni baki nesa ba kusa ba. Ni tsohon malamin makaranta ne da jiran fansho ya kora cikin sayar da jakunkunan mata. 'Yan layinmu na kasuwa ne suka ɗora mana aiki guda: mu samo musu wakili a birnin Guangzhou na ƙasar China da zai riƙa duba kaya kafin a loda. Bara fata aka nuna mana, aka aiko mana da abin da ke saɓulewa in rana ta taɓa shi. Ni na kawo shawarar mu haɗa oda, don haka ni ake kallo. An kuma gaya mini ba ɓoye-ɓoye: in aka sake, haɗin ya watse, kuma da sunana za a riƙa ba da labarin.

A Sanyuanli muka sauka, a wani ɗaki da in ka shimfiɗa sallaya sai akwati ya koma kan gado. Unguwar tana da arha dai gwargwado, ga Hausa a titi kamar kana Fagge, sai dai mutanen Maraɗi da ke yayyafa mata Faransanci. Abinci kuwa taliyar Musulmin China muka lazimta, wadda ake ja da hannu a gabanka. Alhaji ya nemi yaji irin na gida, mai shagon ya ce "meyo", wato babu. Kalmar da muka fi ji ke nan a garin.

Mutum biyu aka kwatanta mana, dukansu Indiyawa mabiya addinin Hindu, sun daɗe a ƙasar har sun iya yarenta. Na farkon yana unguwar Panyu, muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ke zuwa kan lokaci har abin ya riƙa ba mutum kunya. Dogo ne siriri, fararen kaya, ofishinsa na tashin turaren tsinke, ga hoton malaminsa an rataya masa furanni. Ba ya cin nama, ranar ma azumi yake. Ya yi mana bayani mai daɗi cewa duniya inuwa ce, mai hankali ba ya riƙe ta.

Alhaji ya raɗa mini: "Malam, wannan ai zahidi ne. Mu ba shi aikin kawai mu tafi sayen takalma."

Ni kuwa sai wani tsohon karatu ya dawo mini, daga wani littafi kan addinan duniya da na taɓa tsinta a ɗakin malamai. Su Hindu sun daɗe suna tambayar yadda ake gane mutumin da hankalinsa ya zauna. Suna da kalma guda a kansa, mai wuyar faɗa ga Bahaushe. Amsarsu ba ta tsaya kan tufafi ko rama ba. Cewa suke a dubi mutum lokacin yabo da lokacin zagi, lokacin samu da lokacin rashi. In ka ga mutum ɗaya a duka wuraren, wanda ke yin aikinsa da kyau ba tare da zuciyarsa ta rataya ga sakamakon ba, to ka kusa. Sun kuma yarda cewa irin wannan yana iya zama a daji, yana iya zama a kasuwa da mata da 'ya'ya. Na ce a raina, tunda ma'aunin nasu ne, ba zalunci in an auna su da shi.

Kayan awon kuwa da shi na zo, yana zaune kusa da ni. Na ce, "Alhaji, yi masa irin ta Kano."

Duk wanda ya san cinikinmu ya san kushe. Ka ɗauki abin da kake so kamar ranka, ka ci masa mutunci, mai kaya ya yi dariya, sannan a fara magana. Alhaji ya ɗaga jakar samfur da yatsa biyu, ya shinshina, ya ce ko akuyar da aka feɗe ba za ta yarda fatarta ce wannan ba. Na fassara masa da Turanci, har na rage gishiri. Kunnuwan zahidi suka yi ja. Ya fizge jakar, ya lissafa mana manyan mutanen da yake wa aiki, ya nuna mana ƙofa. Inuwar nan ta duniya, ashe ya riƙe ta da hannu biyu.

Washegari muka ɗauki mota zuwa Shiling cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ta kan gadoji hawa-hawa. Garin gaba ɗaya warin gam da fata yake, jakunkuna tun daga ƙasa har rufi. Na biyun ya tarbe mu a bakin shagonsa: gajere, mai tumbi, zobe a kusan kowane yatsa, dariyarsa na rigansa shiga ɗaki. Ya ɗora mana gurasarsu da miyar wake, shi ma ya zauna ya ci da gaske. Alhaji ya taɓe baki: "Wannan kam ɗan duniya ne."

Ba sai na ce masa komai ba, ya sake zancen akuya, ya ƙara da cewa ɗinkin kamar na mai jin barci. Mai Zobba ya karɓi jakar, ya juya ta a hankali, ya ce, "Ɗinkin hannun ya karkace, gaskiyarka, za a warware. Fatar kuwa ba ta yi maka laifi ba, Alhaji, ka nemi gafararta." Sai ni kuma na juya masa ɗaya fuskar. Na zuba masa yabo irin wanda ake wa attajiri ranar suna, na ce sunansa ya kai Kano. Ya saurara kamar ana karanta masa hasashen yanayi, ya ce, "To. Lokacin sallarku bai yi ba? Ga wuri can mai tsabta."

Muna idar da azahar wayarsa ta yi ƙara. Ya yi magana da yaren China a taƙaice, ya ajiye, ya koma kan hannun jakar yana nuna wa tela inda zai gyara. Direbanmu, wanda ya ji komai, shi ya gaya mana: ruwa ya shiga ɗakin ajiyar kayan Mai Zobba, kayansa na kansa da yawa sun jiƙe. Abin da Mai Zobba ya fara tambaya a wayar shi ne ko ma'aikata sun fita lafiya, sannan ya ce a fara kwashe kayan mutane kafin nasa.

Alhaji ya shafa jakar ya nemi gafarar fatar, abin da ban taɓa gani ba tun da na san shi.

Da za mu tafi na tambayi Mai Zobba ko shi ne mutumin nan da hankalinsa ya zauna. Ya yi dariya har zobbansa na ƙara a kan tebur. "Malam, tambayi matata, za ta ba ka amsa har gobe. Kakata ce kawai na taɓa gani haka. Ni kwaikwayonta nake, wata rana ya yi, wata rana ya ƙi."

Shi muka ba aikin. Muka dawo gida, kaya suka biyo mu daga baya. Ranar da aka buɗe kwantena 'yan layi suka taru, kowa da jaka a hannu yana neman aibi, har da masu kai ta rana su gani. Ba su samu ba. Na zauna a benci ina shan shayi ina kallonsu, kuma ba zan ɓoye muku ba, yabon da suka yi mini ya shige ni har ƙashi, wanda ke nuna ni ban ci jarrabawar Indiyawan ba.

Addininsa nasa ne, nawa nawa ne, kuma abin da ke cikin zuciya Allah kaɗai ya sani. Amma na koyi cewa turare da fararen kaya ana sayensu a kowace kasuwa, natsuwa kuwa sai an taɓa mutum ake ganinta. Yanzu duk wanda aka kawo mini a ce mutumin kirki ne, ba na musu. Kujera nake ba shi, in aika a kira Alhaji.