Takardar da Aka Liƙa a Bayan Ƙofa

Shekara arba'in ke nan cif da rasuwar yayana Isufu, kuma har yau ban huce ba. Malamai sun yi mini wa'azi, 'ya'yana sun ba ni haƙuri, na ji, na gode. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa bana na roƙi fili a jarida in faɗi abin da na sani tun bakina bai mutu ba.

Isufu mai rubuta wa mutane wasiƙa ne. Yana da ɗan teburi a gindin dogon yaro kusa da gidan waya a Damagaram. Ya yi lakwal, makarantar boko, shekara shida, ya iya Faransanci daidai gwargwado, ya kuma iya ajami. Shi ya koya mini karatu, da zagi da dungure, don ba shi da haƙurin koyarwa. Ni kuwa ina aure a garinmu, wata 'yar tunga gabas da Gidimuni, da 'yata guda, Zuwaira, mai shekara uku.

A waccan shekarar gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Mun ci dusa, mun ci anza wadda sai ta kwana uku a ruwa ɗacinta ke raguwa, har gidan tururuwa mun tona. Rediyo na ta cewa hatsin taimako ya iso ƙasa, motoci kuma muna ganin ƙurarsu a hanya. Ko tiya guda ba ta shigo garinmu ba. In an tambayi mai gari sai ya ce gwamnati ba ta manta da mu ba, a ƙara haƙuri.

Wata rana Isufu ya raka wani tsoho biro, ofishin hukuma, ya kai takardar koke. Sakataren biron, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ya san kansa, ya ce da Isufu ya tura ƙofa saboda iska. Da ya tura, sai ga takarda manne a bangon da ƙofar ke rufewa. Umarni ne daga sama cewa a liƙa sunayen garuruwan da aka kai wa hatsi, kowa ya gani. Sun kuwa liƙa, amma a inda ƙofa ke jingina tun safe har a tashi aiki. Sunan garinmu na ciki, da tambari, an ce an kai mana.

Ya tambayi sakatare yaushe aka kai. Amsar da ya samu ita ce, “Kai ne kwamanda?” Isufu ya fito ya rubuta sunayen da ajami tun bai manta ba, ranar kasuwar Gidimuni ya hau kan turmi ya karanta wa jama'a. Zamanin soja ne, mutum uku ma ba sa tsayuwa su yi maganar gwamnati, shi kuwa ya tara kasuwa guda. Magana ta kai kunnen kwamanda mai mulkin yankin, wani baƙo daga yamma, ya ce zai zo garinmu ya gani da idonsa.

A nan ne muka kashe Isufu da hannunmu, kuma ba zan ɓoye wannan ba. An ce babban baƙo zai zo, sai muka yi abin da muka gada. Aka share gari. Maza suka ciro rigunan salla daga adaka. Aka yanka akuyar da ta rage a garin, aka dama fura da geron irin da wata tsohuwa ta binne a tulu. Mu mata aka ce mu shige da yara masu kumburin ciki bayan danga, kada baƙo ya ga tsiraicin gari. Ni da kaina na toshe bakin Zuwaira da zanena don kada a ji kukanta.

Kwamanda ba ya jin Hausa sosai, sakataren nan ne tafinta. Ya tambayi dattawa yaya abinci. Suka ce, “Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe.” Ya tambaya ko gwamnati na kula da su. Suka ce, “Mun gode, Allah ya saka.” Maigidana na cikin masu amsawa, Allah ya jiƙansa. Sakatare ya juya maganar yadda aka faɗe ta, bai ƙara ba, bai rage ba, don ya san mu, ya san ɗan Damagaram ba ya cewa baƙo yana jin yunwa ko da hanjinsa na kuka. Isufu ya miƙe yana cewa a leƙa bayan danga, dattawa suka ce ya zauna, ba a yi wa manya katsalandan. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, mu kuwa ranar muka ɓoye namu. Kwamanda ya sha fura, ya yi rubutu a littafinsa, jandarmomi suka tafi da yayana.

Wata bakwai ya yi a kaso, gidan yari, bisa laifin ƙarya da tunzura jama'a. Zuwaira ta rasu yana ciki. Ya fito da tarin da bai bar shi ba, bai ga damina ta biyu ba. Abin da ya fi tarin cin sa shi ne sunan da aka laƙaba masa, Isufu mai ƙaryar takarda. Har 'ya'yansa sun tashi ana kiransu da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kowa da waya a hannu, rediyoyi sun fi a ƙirga, an ce har doka akwai da ta ba talaka ikon ya nemi takardar gwamnati a nuna masa. Ina jin da zai yi murna kwana biyu, sannan ya ɗauki dokar ya je ya gwada ta. Ni na gwada masa. Sau huɗu ina zuwa neman takardar nan. An ce shugaba ba ya nan, an ce mai mabuɗi ya yi tafiya, an ce in dawo bayan salla, daga ƙarshe wani yaro mai kirki ya ce mini, “Iya, gara ta cinye takardun wancan zamani.” Garar biro dai akwai basira, ta san wadda za ta fara ci. Da kuma zai yi faɗa da samarin yanzu, masu zagin hukuma a waya daga safe har yamma, amma in an kira taron gari a karanta abin da aka ware wa unguwarsu, sai ka ga tsofaffi biyar da awaki.

Abu guda ya bari wanda ba a iya kashewa ba. A garinmu yau, ko taki aka kawo ko iri, ba a sauke buhu sai an karanta takardar da ƙarfi a gaban kowa, da Hausa. Mata ke zama a gaba. In baƙo ya tambaye mu yaya abinci, mukan gode wa Allah, sannan mu kai shi ya leƙa rumbu. Yaran da ke yin haka ba su san daga wa suka gada ba, wasunsu ma har yanzu da sunan banzan nan suka san shi.

Sakataren yana nan da rai a unguwar Birni, cikin Damagaram. Ya yi hajji, ya gina masallaci, sahun gaba yake salla. Watan jiya ciwo ya kwantar da shi, sai ga babban ɗansa a ƙofata da ƙullin goro, wai Baba na neman yafiyar duk wanda ya taɓa saɓa wa. Ban tsawata wa yaron ba, ba shi ya yi ba. Na ce, “Ka gaya wa mahaifinka hatsin da ya ci tsakaninsa da Allah ne. Nawa guda ne. Ya zo kasuwar Gidimuni ranar kasuwa, ya ce da bakinsa lalle an liƙa takardar nan, Isufu bai yi ƙarya ba. Ranar zan yafe.”

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, “Hajiya, Baba ko tsayuwa ba ya iyawa.”

Na mayar masa da goronsa. Na ce a ɗauko mahaifin nasa a amalanke. Yayana ma da aka sako shi daga kaso, a amalanken jaki aka kawo mana shi.