Rijiyar Bilki ta hau taswira

Maliki taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta, yana ginar rijiya. Daga Kamarawa zuwa Bafarawa, har ƙauyukan Sabon Birni na bakin iyaka, da wuya ka yini kana tafiya ba ka sha ruwan da ya tono ba. Nakan ce masa zaman rami ne ya hana shi tsawo. Shi kuma ya ce zaman banza ne ya miƙar da ni.

Ya bar sana'ar tun da gwiwa ta fara yi masa gardama. Rijiyarsa ta ƙarshe ba wanda ya sa shi. A gefen gonarsa ya gina ta, bakin hanyar da ta fito daga Isa, shekarar da matarsa Bilki ta rasu. Bilki mace ce da baƙo ba ya tsayawa ƙofar gidanta bai sha ruwa ba, ko da tambayar hanya ta kawo shi. Maliki ya ce rijiyar sadaka ce, duk wanda ya sha, ladan ya je mata. Ya ɗaure bakinta da siminti, ya rataya guga, sannan ya kewaye ta da shingen ƙaya haɗe da gonar, ya sa ƙyauren kara da 'yar igiya don kada awaki su shiga gero. Duk Kamarawa an san abin da ake yi: ka kwance igiya, ka ɗebi ruwa, ka mayar ka ɗaure.

'Yarsa Mardiyya ma'aikaciyar lafiya ce a Isa. Ita da abokan aikinta suna sa rijiyoyi da hanyoyin karkara a wata taswira ta intanet wadda kowa ke iya ƙara mata abin da ya sani. A wayarta akwai mataimaki na ƙirƙirarriyar basira da take yi wa magana da Hausa. In ta kwatanta masa abu, sai ya leƙa wata manhaja inda aka tara ƙa'idojin da masu taswira na duniya suka amince da su, ya zaɓo alamar da ta dace, don rijiyar Kamarawa ta fito da irin alamar rijiyar ko'ina.

Wata ranar Juma'a bayan kaka ta zo gida ta ce yau rijiyar Inna za ta hau taswira. Maliki ya sa babbar riga kamar shi za a ɗauka hoto. Ni ma na bi su, don ba na so a ba ni labari.

Mardiyya ta ɗauki hoton wurin, mataimakin ya fara tambaya. Ana shan ruwan? Ana sha. Tana ƙafewa da bazara? Nan Maliki ya harari wayar kamar ta zagi ubansa.

"Gaya mashi ni na gina ta," in ji shi.

Sai aka zo kan wanda ke da ikon sha. Mataimakin ya ce a ƙa'ida alamar iri uku ce: ta mai ita kaɗai, ko wadda mai ita ya yarda a sha amma yana iya hanawa, ko wadda kowa ke da haƙƙi a kanta. Ya ce da yake ya ga shinge da ƙyaure a hoton, ta biyun ta fi kama.

"In hana?" Maliki ya dubi 'yarsa. "Rijiyag ga ba tawa ta ba, Mardiyya. Abin da anka ba Allah, wa ka amshe shi? Sa ta kowa da kowa."

Mataimakin ya ce zai sa. Amma ya ƙara da cewa masu taswira suna rubuta abin da baƙo zai tarar a wurin ne, shi ya sa yake tambaya: wanda bai san garin ba, in ya ga ƙyaure a ɗaure, zai gane an yarda ya shiga?

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga Maliki ba ya dariya. Yana kallon hanya, inda wani Bafulatani ke koro shanu daga arewa. Maliki ya yi masa sallama, suka gaisa, ya ce sunansa Is'haƙa, daga wajen Maraɗi yake, kuma duk shekara nan yake bi.

"Ka taɓa shan ruwan rijiyag ga?"

"A'a, Baba."

"Don mi?"

Is'haƙa ya sunkuyar da kai. "Cikin shingen gonar mutum take. Mu ba mu kwance igiyar manomi, ko ƙishirwa za ta kashe mu. Tabki muke zuwa, can gaba."

Tabkin da yake nufi yana da nisa, kuma ruwansa ko jaki sai ya yi tunani kafin ya sa baki. Na san Maliki tun muna tsirara, ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Ba kunya ce kawai ba, baƙin ciki ne. Duk shekarun nan baƙi na wucewa da ƙishirwa ta gaban sadakar Bilki, matar da ba ta taɓa barin baƙo ya wuce ba.

Shi da kansa ya kwance igiyar, ya ja guga da gwiwar da yake kuka da ita, ya shayar da mutumin. Washegari ya tashe ni da sassafe, wai in zo in yi amfani sau ɗaya a rayuwata. Muka janye shingen baya, ya sallama kunyoyin gero masu kyau, rijiyar ta koma bakin hanya fili. Daga baya ya gina kwamin siminti na shayar da dabbobi. Mardiyya ta sake ɗaukar hoto, mataimakin ya sa alamar kowa da kowa, bai ƙara tambaya ba.

Ƙyauren da muka cire yana gidana, awakina suna gode masa. Maliki kuwa ya mayar da gindin wata aduwa da ke bakin rijiyar ya zama zaurensa. Makiyaya na tsayawa, 'yan kabu-kabu na tsayawa, har wani direban Sakkwato da motarsa ta yi zafi ya ce a waya ya ga rijiyar. Maliki ba ya yi wa kowa dogon surutu, hankalinsa kwance yake. Ni da ke zama kusa da shi ne kawai nake jin abin da yake faɗa a hankali duk lokacin da guga ya faɗa ruwa a hannun wanda bai sani ba.

"Bilki, ga wani baƙo ya sha."