Mai Sulke da Turaren Gidan Shehuri

A shekarun da Maiduguri ta zauna babu wutar lantarki, majalisarmu ta koma ƙofar wani shagon cajin waya a Abbaganaram. Janareto yana ruri a bayan shagon, mu kuma muna kan benci a inuwar darbejiya, kowa kansa a sunkuye. Wasan dodanni muke yi a waya. Kowa da garkensa, na wuta da na ruwa da na dutse, ka reni dodo tun yana cikin ƙwai har ya kawo ƙarfi, sannan ka zaɓi kaɗan ka kara da na wani. Ranar Juma'a bayan la'asar muke gasa. Wanda aka ci sai ya koma gefe ya zama ɗan kallo, a yi ta zubarwa har a rage mutum biyu.

Ni ne mai Mai Sulke. Haka muke kiran wani baƙin dodo mai fukafukan ƙarfe, wanda wuta ba ta ƙona shi sosai, ruwa kuma bai dame shi ba. Na sha wahala kafin na same shi, kuma tun da ya shigo hannuna ban ƙara komawa gefen 'yan kallo ba. Kowace Juma'a da ni ake rufe fage.

A lokacin kuma ina neman aure a unguwar Shehuri. Mahaifin yarinyar malami ne mai tsari, ya ce zance a gidansa ranar Juma'a ne kawai, daga la'asar zuwa kiran magariba, a zaure. Saboda haka da na gama cinye gasa sai in tari keke napep a guje, in isa rana ta yi ja, mu gaisa, mu yi 'yan maganganu, ladan ya raba mu. Ni a ganina hakan ma wani daɗi ne. Na tashi a Maisandari cikin yayye mata, na karance littattafan soyayyar da suke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, kuma a can na koyi cewa ganin da bai isa ba shi ke hura wutar so. A can kuma na koyi wani abin: duk jarumin da ya yi rashin masoyiya, amininsa ne ya yi masa ƙafar ungulu.

Ina da amini kuwa, Babarbare ɗan Abbaganaram, wanda tun muna sakandare muke tare. Shi ya raka ni Shehuri a farkon nema, daga baya na ce ya huta, na gane hanya.

Wata Juma'a, kafin a fara gasa, sai ya miƙe tsaye ya gyara hularsa.

"Jama'a, ina da magana. Wannan abin da muke yi ya daina zama wasa. Tun kafin a fara kowa ya san wanda zai ci. To me ke kawo mu? Shan rana?"

"Faɗi abin da ke bakinka," in ji mai shagon, wanda shi ne alƙalinmu.

"A hana shiga gasa da Mai Sulke."

Na yi dariya, don na ɗauka zolaya ce. Na ce, "Idan ɗan dambe ya gagari kowa, ɗaure masa hannu ake yi?"

"Ɗan dambe da hannunsa yake duka, Afuno. Kai da taɓarya ka shigo fage."

Afuno shi ne Bahaushe a bakinsu, kuma da haka yake tsokanata tun muna yara. Majalisa ta kwashe da dariya. Wani direban keke napep, wanda ban taɓa sanin yana sona ba, ya tsaya mini. Ya ce waɗanda suka ƙera wasan ba mahaukata ba ne, su suka saka dodon, kuma wanda ya ji haushi ya je ya reni nasa. Wani ɗan jami'a ya ce ai matsalar ke nan, mutum biyu a cikinmu sun riga sun fara renon irinsa, nan gaba kaɗan kowa zai zo da Mai Sulke, a wayi gari baƙi na dukan baƙi, sauran dodannin su zama ado. Ya ce ko a manyan gasanni na waje akan ware irin waɗannan a ba su fagensu daban.

"Yau Mai Sulke, gobe wa?" in ji direban. "Duk wanda ya ci ku sai ku kai ƙarar dodonsa? To a hana kowa, mu koma dara."

Aminina ya matso ya dafa kafaɗata, ya sassauta murya. "Sawanyi, abokina, ina ɗan koren dodon nan naka mai kama da kwaɗo, wanda kake ji da shi da? Yaushe rabon da ka fito da shi?"

A daidai lokacin wani ƙamshi ya tashi daga rigarsa ya daki hancina.

Wanda bai zauna a Borno ba ba zai gane ba. A nan kowane gida da irin haɗin turaren wutarsa, uwa ta koya wa 'yarta, kuma akwai gidajen da ba sa sayar da nasu ko a ba wani sirrinsa. Na gidan su yarinyar nan kakarta ce ta bar musu shi, yana da wani ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshensa kamar ɓawon lemo da ya ji wuta. Kafin baƙo ya shigo zaure sai an kawo kasko an turara tabarma. Duk wanda ya zauna a kai, rigarsa za ta kwana biyu tana ba da labari. Ni da nake zuwa a ƙurarren lokaci ma yayata takan shinshina ni ta ce, "An je Shehuri ke nan." Ƙamshin da ke jikin aminina kuwa ya fi nawa kama jiki. Na wanda ya zauna ya miƙe ƙafa ne.

Mai shago ya ce a bar maganar sai Juma'a mai zuwa, kowa ya je ya yi tunani. Aka yi gasa, na ci kamar kullum, amma ban ji daɗin cin ba. Na isa Shehuri ladan yana gyaran murya. Yarinyar ta fito, ta gaishe ni a tsaye, ta ce, "Ka makara," ta koma ciki.

Makon nan ban ga abin da bai zama shaida ba. Na lura ya kai hularsa wanki, alhali ba salla ba, ba biki ba. Na lura idan ya ajiye waya kife ta yake yi. Ya tambaye ni, wai ya mutanen Shehuri, na ce a raina in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Na zauna a shagon yadin kawuna inda nake aiki, ina auna wa mata atamfa, ina harhaɗa labarin a kaina babi-babi. So yake ya fara karya ni a gaban mutane, ya raba ni da abin da ake girmama ni saboda shi, sannan ya je ya ce mata ai mutumin naki ba komai ba ne, dodo ne ke riƙe da shi. Har na tsara abin da zan faɗa ranar ɗaurin aurensu, ina tsaye daga nesa cikin farar shadda, idona ya kaɗa amma ban yi kuka ba. Na kira ta a waya, ta ce tana aiki. Na ji kamar akwai dariya a muryarta, na rasa ko da wa take yi.

Da Juma'a ta zagayo sai na aika wa mai shago cewa zazzaɓi ya kama ni. Ina idar da la'asar na nufi Shehuri, ina so in ritsa shi a kan tabarmar. Na tsaya a bakin lungu na ɗan jima ina leƙen ƙofar gidan, ko zan ga takalminsa. Babu kowa sai wata akuya. Na yi sallama.

Yarinyar ta fito da kaskon turare, ta gan ni, ta dubi sama kamar mai neman inda rana take.

"Wushe, wushe!" ta yi mini sannu da Barbarci. "Lafiya dai? Ko janareton ne ya mutu?"

Na zauna ina cin magani. Na ce, "Tambaya ɗaya na zo da ita. Wa ya zauna a kan tabarmar nan bayan ni?"

"Abokinka," ta ce, ko gezau.

Na shirya wa musu, na shirya wa kuka da rantsuwa, amma ban shirya wa wannan ba. Na ce, "Har kina faɗa?"

"To ɓoyewa zan yi? Ni na sa aka kira shi, kuma Yaya yana zaune a nan inda kake muka yi magana." Ta ajiye kaskon a tsakaninmu. "Baba ya ce mutumin da ba ya zuwa sai za a naɗe tabarma ba aure yake nema ba, gaisuwa yake kawowa. Ya ce in abin ya ci gaba zai ba wani dama, don akwai masu tambaya. Na ce da abokinka, me ke tsare shi? Ya ce wai wani dodo gare ka da ba a cinsa, shi ya sa kullum kai ne na ƙarshen tashi. Na ce, to ba yadda za a yi a riƙa cinsa da wuri?"

"Ke kika ce a hana Mai Sulke?"

"Ni ina na san sunansa? Cewa na yi a san yadda za a yi da shi."

"Me ya hana ki gaya mini kai tsaye?"

"Sau nawa na ce ka makara? Me kake ce mini? Wai ganin da bai isa ba shi ke hura wuta. Kai Afuno, wutar da ba a sa mata ice mutuwa take yi."

Ranar mun yi zance har na ga ƙarshen garwashin kaskon, abin da ban taɓa gani ba. Duk da haka, a hanyar komawa, zuciyata ba ta kwanta duka ba. Washegari na tare aminina na ce, "Da ka miƙe kana maganar adalci da daɗin wasa, naka ne ko saƙo ne?"

Ya yi murmushi. "Saƙon ya zo ya tarar da ni ina jin haushin dodon nan. Ka bar shi a haka."

"Hular da ka kai wanki fa?"

"Hula kuma? Datti ta yi! Kai wallahi littattafan nan sun gama da kai."

Har yau ban san wanne ya fi yawa a cikin maganarsa ba, kuma na lura bai ce mini sau ɗaya kawai ya je ba. Ban tambaya ba.

Juma'ar da ta biyo aka sake buɗe muhawara. Direban keke napep ya zo da shirinsa, ya yi ta kare ni har jijiyar wuyansa ta tashi, yana cewa hana ƙarfi ragwanci ne. Da mai shago ya ce masu son a ajiye Mai Sulke su ɗaga hannu, sai direban ya ga nawa a sama. Ya dube ni, ya dubi aminina.

"Me suka ba ka?" ya ce. "Wallahi akwai wata a ƙasa. Ni ban yarda da majalisar nan ba."

Aka yanke cewa Mai Sulke ba zai ƙara shiga gasar Juma'a ba, amma wanda ke son karawa da shi a sauran ranaku ga fili ga mai doki. Na fito da ɗan koren dodona, wanda na manta ma yadda ake sarrafa shi. Direban aka haɗa ni da shi a zagayen farko, kuma da haushinsa ya shigo. Kafin mai shayin da ke gefen shagon ya gama zuba wa mutane ya yi kaca-kaca da ni.

Na isa Shehuri rana tana sama, inuwar katanga ko rabin lungu ba ta rufe ba. Na yi sallama, na daɗe a tsaye. Can ta leƙo, hannunta duk garin tuwo, ko tabarma ba a shimfiɗa ba.

"Har an fitar da kai?" ta ce. "Tun yanzu? Ashe dai ba ka iya ba. To tsaya a nan, ban ma hura garwashi ba."