Kumfa a Cikin Birki

Ba na jin zan taɓa manta ranar da aka ce Malam Idi ya ajiye makulli ya tafi gida. Farkon shekarun tamanin ne, tsakiyar damina, ina ƙaramin makanike a wata masaƙa da ke Challawa. Sama da ni akwai foman, sama da shi kuma Injiniya Bala, wanda idan ya sa hannu a takarda to magana ta ƙare.

Masaƙar tana da ɗakin famfo a bakin kogi, inda ake jawo ruwan rini. Da damina hanyar taɓo take zama, mota ba ta shiga, shi ya sa aka sayo wani babur mai ƙafa uku, tayoyinsa ɓul-ɓul kamar kabewa. Malam Idi, mutumin Maraɗi, shi ke hawansa safe da yamma ya dubo injin. Dattijo ne mai sanyin jiki, har tsokanarsa muke cewa jaki ma zai wuce shi a hanya.

Ga wanda bai sani ba, birkin wannan babur a rufe yake. Akwai wani ƙoƙon ƙarfe da ke juyawa tare da taya, dram muke ce masa, a cikinsa kuma takalma biyu. Idan ka taka birki sai su buɗe su kama jikin ƙoƙon. In ruwa ya shiga, kamun yakan yi rauni har sai wurin ya bushe. Taɓo kuwa ya fi muni, cinye takalman yake a hankali.

Wata Talata Malam Idi ya ratsa kududdufin da ke kan hanya, ya zo gangaren ɗakin famfo, ya taka birki ya ji wayam. Ya daki bututun ruwa ya fasa shi, shi kuma ya gurɗe a hannu. Kwana biyu ba a yi rini ba. Duk kwanakin nan babur na ajiye a rana, don haka da Injiniya ya gwada shi a harabar masaƙa sai birki ya kama. Ya ce ai gudu ne kawai, a rubuta wa mutumin takardar sallama.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Malam Idi da gudu? Ƙa'ida ita ce in bi ta hannun foman, amma foman ya ce ba ruwansa, sai na wuce ofishin Injiniya kai tsaye. Na ce, "Ranka ya daɗe, ku ba ni zuwa la'asar. In ban kawo muku dalili ba, ku sa hannu."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Garba, na san taurin kanka. La'asar fa, ba magariba ba."

Na hau babur na nufi kududdufin. Na ratsa sau ɗaya, birki ya kama. Na biyu ya ɗan yi laushi. Na ƙi haƙura, na yi ta shiga ina fita har wandona ya jiƙe sharkaf. A karo na biyar na zo gangaren na taka, babu komai, sai a cikin ciyawa na tsinci kaina. Wallahi daɗi na ji a wannan faɗuwa. Na kwance taya a wurin, na zare dram, taɓo ya zubo kamar kunu. Amma a saman taɓon akwai kumfa, fara fat, mai santsi.

Nan take na gane kumfar. Makonni uku kafin nan na ga ruwa yana ɗiga daga wani ɗan rami a ƙasan murfin birkin. Mu da muka koyi aiki a garejin bakin titi, duk inda ya ɗiga toshe shi muke, tankin fetur ma da sabulu muke like shi. Sai na cusa sabulu a ramin, na ɗaure da robar tsohon tib na taya, har ina yaba wa kaina. Ashe da gangan aka yi ramin, don ruwan da ya shiga ya samu wurin fita. Sabulu kuma fetur yake riƙewa, ruwa narkar da shi yake. Na tsare ruwa a cikin birki, na kuma ƙara masa santsi.

Ba kowa a wurin. Da na ga dama sai in wanke kumfar, in jefar da robar, in ce taɓo ne kawai. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye muku ba. Amma Injiniya zai ce taɓo kullum akwai shi, me ya sa sai ranar? Kumfar ce kaɗai za ta wanke Malam Idi. Na ɗauki dram yadda yake, na kai ofis ana kiran la'asar, na ajiye a kan tsohuwar jarida na faɗi abin da na yi.

Injiniya ya shafa kumfar da yatsa, ya shinshina. Sannan ya yaga takardar Malam Idi, ya sa aka rubuta tawa ta gargaɗi. Ƙarin girman da nake jira a shekarar ya wuce ni, kuma ya yi mini ciwo. Daga ranar aka kafa doka: duk wanda ya ratsa ruwa ya ɗan riƙe birki yana tafiya har ya bushe, kuma duk Asabar a buɗe dram a wanke.

Washegari Malam Idi ya same ni, hannu a ɗaure. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni. Ya ce, "Ni dai na san ban yi gudu ba. Abin da ban sani ba, ko akwai wanda zai jiƙa wandonsa saboda ni."

To ku da kuke tasowa, kada ku toshe rami sai kun san dalilin da ya sa aka huda shi. Kuma in mai hawa ya ce muku birki bai kama ba, kada ku gwada a busasshiyar ƙasa ku ce ƙarya yake. Ku je inda ya faɗi, ku shiga ruwan da ya shiga.